Yaushe za a faɗi sakamakon nan, kuma in nemi aikin ko in haƙura?

Litinin, 27 ga Fabrairu, 2023

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya biyu gare ni, kuma ɗaya ta ɗaure ɗaya. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kaduna yana neman mai kula da sito. Ranar Juma'a 3 ga Maris suke rufe karɓar takardu, kuma hannu da hannu suke so a kai. Hajiyarmu ta ce ƙafata ba za ta taka tasha ba sai an faɗi wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa, an ga yadda gari ya kwana. Don Allah masu bin abin nan, yaushe za a faɗa? Tun Asabar aka yi zaɓe, yau Litinin ta ƙare, har yanzu ko rabin jihohi ba a karanto ba.

Ta biyu, sun ce sai mai gogewar shekara uku. Ni kuwa bara na gama bautar ƙasa, akanta na karanta, ban taɓa aikin albashi ba in ka cire bautar ƙasar da aikin zaɓen da na yi shekaranjiya. Wani abokina ya ce akwai mai buga takardar shaidar aiki, da hatimi da komai, naira dubu goma. In nema a yadda nake, in sayi takardar, ko in bar kuɗin motata a aljihu?

Baffan Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce wa Hajiya ta kunna rediyo ranar Laraba da asuba. Ba duba na yi ba, lissafi ne. A 2015 an yi zaɓe Asabar 28 ga Maris, wasu wuraren suka kai Lahadi. Jonathan ya kira Buhari ranar Talata da yamma, amma Jega, shugaban hukumar zaɓe ta INEC a lokacin, bai bayyana wanda ya ci ba sai cikin daren da ya wayi Laraba 1 ga Afrilu. A 2019 an yi Asabar 23 ga Fabrairu, magajinsa Farfesa Mahmood Yakubu ya faɗa ranar Laraba 27 ga wata, bayan ƙarfe huɗu na asuba. Mutumin dai shi ne, zauren ma shi ne, ban ga abin da zai sa bana ta canza zani ba.

Amma kada ka ga laifin mahaifiyarka. Duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, a Kaduna da Zonkwa da Kafanchan, da 'yan bautar ƙasa goma da aka kashe a Bauchi, ba zai saki ɗansa kan hanya cikin irin waɗannan kwanaki ba. Kuma wancan rikicin tun kafin a gama karanta sakamakon ya soma.

Kwamared:
Baffa, da girmanka, ai wannan lissafin ne muka ce mun gaji da shi. An sa hannu a sabuwar dokar zaɓe a Fabrairun bara, aka yi ta shela cewa da an gama ƙirga a rumfa za a ɗauki hoton takardar sakamako da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, a ɗora a IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe, kowa ya gani a wayarsa. A zaɓen gwamna na Ekiti da Osun abin ya yi aiki. Da aka zo babban zaɓe, na 'yan majalisa yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Jiya INEC ta fitar da sanarwa wai tangarɗar na'ura ce. Na'urar da ta san bambancin sanata da shugaban ƙasa! Duk daren da sakamako ya ƙara kwana, ni dai hankalina ba ya kwanciya.

Lauyan Unguwa:
Kwamared, ƙorafinka yana kan hanya, amma ka haɗa abu biyu. Ko da IReV ya yi aiki lafiya lau, ba shi ke faɗin wanda ya ci ba. Hoto kawai ake ɗorawa don a gani, ba ya tara lissafi. Tattarawa da takarda ake yi, hawa-hawa. Rumfunan zaɓe sun haura 176,000, kowace ta cike fam EC8A ta kai mazaɓa. Mazaɓun 8,809 ne, su tara a EC8B. Daga nan ƙananan hukumomi 774, sannan jiha, inda galibi shugaban wata jami'a ne baturen zaɓe. Shi kuma ya kwashi takardunsa ya hau mota ko jirgi zuwa Abuja, ya zauna a zauren taro na ICC ya karanta ƙuri'un jam'iyyu 18 ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ko maƙwabcin ɗan takararta bai zaɓa ba. A kowane hawa wakilan jam'iyyu suna da bakin magana, kuma zaɓe uku ake tattarawa lokaci guda. Ga kuma wuraren da suka makara, kamar rumfuna 141 a Bayelsa da sai jiya Lahadi suka yi nasu. Mazaɓa guda a cikin ruwa ko bayan dutse in ba ta iso ba, ƙaramar hukuma ta tsaya, jihar ma dole ta jira.

Sannan ba yawan ƙuri'a kaɗai ake dubawa ba. Sashe na 134 na tsarin mulki ya ce sai ka samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Bana da ake da manyan 'yan takara huɗu, ba mai yanke hukunci da rabin jihohi a hannu.

Kwamared:
To me ya sa aka zuba wa IReV ɗin kuɗi tun farko, Barista?

Lauyan Unguwa:
Don a kama mai canza lamba tsakanin rumfa da mazaɓa. Shi ya sa rashin hawansa ba ƙaramin abu ba ne, kuma a kansa wakilin PDP Dino Melaye da wasu suka fice daga zauren yau. Abin da nake cewa kawai, ko ya hau ɗin, da har yanzu muna nan muna jira.

Ɗan Fagge:
Barista ya faɗi gaskiya kan makara, don da idona na gani. Mataimakin shugabar rumfa na yi. A wata firamare muka kwana ranar Juma'a, kan tabarma, muna gadin kaya. Ƙarfe biyu da rabi ake rufe layi, amma duk wanda ke kai sai ya jefa, don haka sai la'asar sakaliya muka buɗe akwatin farko. Ga mai jan murfi na shugaban ƙasa, baƙi na sanata, kore na ɗan majalisar wakilai, kuma sai ka tarar wata tsohuwa ta jefa duka uku a wuri ɗaya, sai an tsince. Ana ɗaga kowace ƙuri'a sama kowa ya gani. In tawada ta ɗan tsallaka layi, ejan-ejan su yi ta musu a kan ƙuri'a guda kamar gadon ubansu. Da fitilar waya muka ƙarasa.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita lissafi. Takardun ƙuri'ar da aka ba mu, in an cire waɗanda ba a taɓa ba, dole su yi daidai da masu kyau da waɗanda aka soke da waɗanda suka lalace. Kuma kada abin da ke cikin akwati ya haura adadin da BVAS ta tantance, in ba haka ba a soke rumfar. Namu ya ƙi daidaita da guda biyu. Shugabar rumfar 'yar bautar ƙasa ce, baƙuwa, jama'a sun kewaye mu, har ta fara hawaye. Na ce kowa ya ja baya taku uku, a zazzage kowane ambulan a sake ƙirgawa. A na waɗanda suka lalace muka same su, an saka ba a rubuta ba. Sai wajen sha ɗayan dare muka isa mazaɓa, muka tarar da layi.

Anti Bilki:
Ƙanina, tsaya. Koma ka karanta abin da ka rubuta yanzu, sannan ka hau sama ka karanta inda ka ce ba ka taɓa aiki ba. Na daɗe ina zaman tantance masu neman aiki, bari in tambaye ka: me mai kula da sito yake yi? Kaya sun shigo, kaya sun fita, saura nawa, ina biyun da suka ɓace. Shi ne abin da ka yi daren Asabar, ga mutane a kanka suna hayaniya. Da a gabana ka ba da labarin nan a intabiyu, da na ajiye biro na saurare ka.

Game da shekara uku, bari in gaya maka yadda ake rubuta irin sanarwar. Manaja zai ce a samo masa wanda ba sai an koya masa komai ba. Mai rubutawa sai ya sa shekara uku, domin in bai sa ba takardu za su cika ofis. Akwai inda sharaɗin ba ya ɗaguwa, kamar aikin da ke buƙatar lasisi, ko muƙamin da za a sa mutane a ƙarƙashinka. Amma sito a kamfanin rarraba kaya? Ka nema. Sau da yawa mai shekara ukun in ya ji albashin sai ya ce a kai kasuwa, a dawo kan irinku.

Takardar dubu goma kuwa, kada ka soma. Muna kiran lambar da ke jikinta, wani lokaci mu tura a duba adireshin. In ma ba a duba ba, tambaya biyu a kan aikin da ka ce ka yi za ta tona ka. In kuma ka tsallake aka ɗauke ka, ranar da aka gano kora ce ba ko sisi, wataƙila har da 'yan sanda. Aikin da jarinsa amana ne za ka buɗe da takardar jabu?

Kwamared:
Anti, kina magana kamar a ƙasar da ake karanta CV. Wanda zai samu aikin nan tuni ya san kansa, ɗan ƙanwar manaja ne ko wanda wani mai rawani ya yi wa waya. Sanarwar don a cika ƙa'ida ce. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu ya adana kuɗin motarsa kawai.

Anti Bilki:
Ban ce babu wannan ba, Kwamared. A aikin gwamnati ya fi yawa, har sayar da gurabe ake yi, kowa ya sani. Amma ɗan kasuwar da ke da buhunan shinkafa na miliyoyi a sito, in ya sa ɗan ƙanwarsa da bai iya lissafi ba, aljihunsa ne zai yi kuka. Na sha ganin an ba ɗan gida kujera, an kuma ɗauko bare ya yi aikin. Ba adalci ba ne, amma baren dai ya samu shiga.

Injiniya Ba Aiki:
Ni abin da ke ba ni dariya mai ciwo shi ne wannan. Sashe na 131 ya ce mai neman shugabancin Najeriya ya zama haifaffen ƙasa, ɗan shekara 35, ɗan jam'iyya, mai ilimin da ya kai matakin sakandare. Shi ke nan. Ba a ce ya taɓa riƙe ko shagon kati ba. Amma sito sai shekara uku. Bankuna kuma su ce sabon ɗauka kada ya wuce shekara 26 ko 27. ASUU ta cinye mana wata tara a 2020, ta ƙara wata takwas bara daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ka fito ka yi wa sabon ɗauka tsufa, ka yi wa mai gogewa yarinta. Ina za mu sa kanmu?

Talata, 28 ga Fabrairu

Alhaji na Kwari:
Na karanta duk abin da kuka rubuta jiya. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma yara masu digiri sun bi ta hannuna. Ɗan Fagge, ko ka kai takardar nan kada ka sa ran kira da wuri. Yanzu ba mai ɗaukar mutum. Kasuwa a tsaye take, takardar kuɗi ta ɓace tun da aka canza ta, baƙinmu na Nijar da Chadi da Kamaru sun ɗauke ƙafa sai an ga inda aka dosa. Ga zaɓen gwamna yana tafe. Duk mai dukiya yanzu ido ya zuba.

Shawarata gare ku matasa, wannan gogewar da kuke nema a takarda tana nan a kasuwa kyauta. Ka zo ka zauna a shago, ka san dila, ka san yadi, ka san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Shekara biyu ka fi mai digiri biyu sanin sito. Amma ku ba ku son a ce muku yaron shago.

Maman Ilham:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma a faɗi ɗaya a faɗi biyu. Ƙanina ya yi shekaru a shagon wani, kuɗin abinci da na mota kawai, ana ce masa za a sallame shi. Ranar da ya yi maganar aure aka ce kasuwa ba daɗi. Ya fito ba jari, ba ko takardar da za ta nuna ya taɓa zama a wurin. Ba girman kai ne kaɗai ke hana yara ba.

Alhaji na Kwari:
Hajiya, akwai irinsu, ba na musu. Amma akwai yaran da ka ba su makulli wata uku su buɗe nasu shagon da kayanka. Kowane ɓangare akwai na banza.

Anti Bilki:
Ku duka kuna da gaskiya, kuma maganin abu ne mai sauƙi da ba mu saba ba. Duk inda yaro zai zauna, a yi magana tun farko gaban shaidu: wata nawa, me za a koya masa, me za a ba shi. Ranar tafiya kuma maigida ya rubuta masa takarda, ko da layi biyar ce, da lambar waya. Alhaji, in ɗan takara ya kawo min takarda daga ɗan kasuwar Kwari cewa ya riƙe masa littafin kaya shekara guda ba a taɓa samun giɓi ba, wallahi ta fi min satifiket ɗin kwas na kwana uku.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, muna biye da ku, don kasuwar Maraɗi da ta Kano cikinsu guda. Ku bar ganin saurin faɗi shi ne lafiya. Wurinmu hukumar zaɓe, CENI, sakamakon wucin gadi take badawa, kotun tsarin mulki ita ka tabbatarwa. Zagaye na farko anka yi shi 27 ga Disamba 2020, sai 2 ga Janairu munka ji sakamako. Zagaye na biyu 21 ga Fabrairu 2021, kwana biyu tak CENI ta ce Bazoum ya ci. Mahamane Ousmane ya ce bai yarda ba, Yamai ta rikice, anka katse intanet ta salula kwana da kwanaki. Kotu ba ta tabbatar ba sai 21 ga Maris. Saurin bai hana komi ba.

Zancen aiki kuma, mu nan sitaj muke cewa. Ka shiga wata ma'aikata wata uku ko shida, wani wurin ko dala ba a ba ka, amma ka fito da takardar shaida. Da ita da ta sabis sibik, bautar ƙasa tamu, ake cika dosiye, wato takardun neman aiki. Wahala ce, amma ita ce ƙofar.

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu a Ghana 7 ga Disamba muke zaɓe, 9 ga wata an faɗa. Haka aka yi 2016, haka aka yi 2020. Tun kafin hukuma ta yi magana ma jam'iyyu sun tara nasu daga takardun rumfuna, kowa ya san inda aka kwana. Ku ne dai da babban jiki.

Lauyan Unguwa:
Ɗan uwa na Kumasi, ka faɗa da bakinka. Masu rajistarku a 2020 wajen miliyan 17 ne, namu bana sun haura miliyan 93, Kano kaɗai ta kusa miliyan shida. Kuma ku ma Mahama, da ya sha kaye, sai da ya tafi Kotun Ƙoli bayan na 2020. Kenya tsarin mulkinsu kwana bakwai ya ba hukuma, bara sun yi zaɓe 9 ga Agusta aka faɗa 15 ga wata, kwamishinoni huɗu suka ce ba da yawunsu ba. Amurka ma a 2020 an yi zaɓe Talata 3 ga Nuwamba, sai Asabar aka san Biden ne. Kwana huɗu ba shi ne abin kunyarmu ba. Abin tambaya shi ne ko lambar da aka liƙa a bangon rumfa ita ce ta isa Abuja.

Kwamared:
Yauwa, yanzu ka zo inda nake. PDP da Labour sun kira 'yan jarida yau sun ce a soke a sake. Obasanjo ma ya yi magana jiya da dare.

Sarkin Yaƙin Jagaban:
A soke me? Obi ya ci Legas, gidan Tinubu. Atiku ya ci Katsina, gidan Buhari. Kwankwaso ya kwashe Kano da ƙuri'a 997,279. Duk waɗannan ba magudi, sai inda kuka faɗi? Ku dai ku shirya kuka.

Kwamared:
Kai da ko rumfarku ba ka kawo ba kake da bakin magana?

Mai Kula da Zaure:
Kwamared, Sarkin Yaƙi, ya isa haka. Na goge saƙo biyu. Kuma duk wanda ya sake turo sakamakon da ba hukuma ce ta faɗa ba, ko wancan sautin muryar da ke yawo wai an fara faɗa a wuri kaza, zan cire shi. Yaro ya kawo matsalarsa, a koma kanta.

Ɗan Fagge:
Na gode, shugaba. Anti, ga abin da ke saman CV ɗina, ki duba min: "Matashi mai ƙwazo da riƙon amana, mai iya aiki da jama'a, mai neman wurin da zai nuna basirarsa." A ƙasa sai makarantu, sai bautar ƙasa layi ɗaya.

Anti Bilki:
Goge shi gaba ɗaya. Kowa haka yake rubutawa, idona ba ya ma tsayawa a kai. Amsa min: a bautar ƙasa me ka yi da hannunka? SIWES fa, zaman sanin makamar aiki na ɗalibai, a ina? Watannin yajin aiki ina ka zauna? Ka iya Excel, ko dai suna ka sani?

Ɗan Fagge:
Sakandare aka tura ni, na koyar da lissafi, kuma da shugaban makarantar ya ga akanta na karanta sai ya ba ni littafin kuɗin makaranta da na kayan sito, alli da littattafai da kujeru. SIWES a ofishin kuɗi na wata ma'aikata na yi. Lokacin yajin 2020 na riƙe wa kawuna shagon POS. Excel na iya tara lissafi da jera kaya, ban yi nisa ba.

Anti Bilki:
Ikon Allah. Ka riƙe siton makaranta shekara guda kana ce min layi ɗaya? Ga yadda za ka yi. Kowane ɗaya ka ba shi kansa, da wuri da watanni, sannan layi biyu ko uku na abin da ka yi, da adadi na gaskiya: ɗalibai nawa ka riƙe wa lissafi, kuɗi nawa ke bi ta hannunka a rana a POS, masu zaɓe nawa ne a rumfarku. Kada ka ƙara ko ɗaya, don zan iya tambayarka. In ka tara bautar ƙasa da SIWES da POS ka kusa shekara biyu, kuma duk a kan kuɗi da kaya.

A wasiƙar neman aikin kada ka ɓoye, kada kuma ka yi roƙo. Ban da "ku taimaka min don Allah, ni maraya ne". Ka ce kun nemi shekara uku, ga abin da na yi da ya yi kama da aikinku, kuma a shirye nake ku gwada ni wata uku. Yau ɗin nan ka kira shugaban makarantar ka roƙi takardar shaida, ya turo hotonta ta WhatsApp. Daren nan kuma ka zauna da Excel ka koyi yadda ake jera kaya shiga da fita da ragowa, don irin wannan aikin sukan ajiye maka kwamfuta su ce bismilla.

Maman Ilham:
Ni a Kaduna nake. In Hajiya ba ta sake ka ba, ka sa takardun a ambulan ka ba direba a Unguwa Uku, yarona ya karɓa a Kawo ya kai musu. Kada zaɓe ya sa ka rasa ranar.

Anti Bilki:
Allah ya saka, Maman Ilham. A riƙe wannan a matsayin mafita ta biyu. In hanya lafiya gara ya je da kansa, don wani lokaci mai karɓar takardar shi ne mai ɗaukar, kuma fuska tana zama a rai fiye da ambulan.

Laraba, 1 ga Maris

Baffan Zariya:
To, kun ji. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Farfesa ya faɗa, ina alwala. Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Allah ya sa shi ne mafi alheri, ya zaunar da ƙasa lafiya. Nan Zariya dai shiru, yara sun fita sayen ƙosai.

Kwamared:
Miliyan takwas da ɗoriya cikin masu rajista miliyan 93. Ko kashi 30 cikin 100 ba su fito ba. Kuma me ya sa kullum sai mutane suna barci? Mu haɗu a kotu.

Lauyan Unguwa:
Kotun ma da agogonta. Kwana 21 ne a shigar da ƙara daga ranar da aka faɗi sakamako, kotun sauraron ƙararrakin tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Rantsuwa kuma 29 ga Mayu. Wato za a rantsar da shi shari'a tana tafiya. Duk kamfanin da ya ce sai komai ya lafa zai ɗauki ma'aikata, ya shirya jira har ƙarshen shekara.

Ɗan Fagge:
Hajiya ta ce in ga yadda yau za ta wuce, gobe Alhamis in yi sammako. Shugaban makarantar ya turo takardar, har ya ƙara abin da ban roƙa ba. Matsalar da ta rage tsabar kuɗi, direbobi da yawa ba sa karɓar tiransifa, ni kuma 'yan tsofaffin ɗari bibbiyu ne a hannuna.

Alhaji na Kwari:
Ka biyo ta kasuwa da azahar, ka yi min magana ta gefe. Za ka tura min, in ba ka tsabar kuɗi, ba ƙarin ko kwabo. In kuma na Kadunan bai yiwu ba, bayan zaɓen gwamna ka dawo mu yi magana, ina da littafin da ya fi ƙarfin yarana.

Maman Ilham:
Alhaji, da shaidu dai, da takarda.

Alhaji na Kwari:
Hajiya ba za ki bar ni in huta ba. Na ji, ke ce shaida ta farko.

Injiniya Ba Aiki:
Anti, ni fa ba a amsa tawa ba. Shekarata 29. Abokaina duk sun je kotu sun yi rantsuwa sun rage uku-uku. In bi sahu?

Anti Bilki:
A'a, Injiniya. Ranar haihuwarka tana kan takardar WAEC, tana NIN, tana BVN. Ka rage a wuri ɗaya sauran su ƙaryata ka, kuma bankin da kake yi dominsa shi ya fi kowa iya dubawa. Ka bar masu iyakar 26 ɗin, ba su kaɗai ke ɗauka ba. Kamfanonin gine-gine da masu haɗa sola da masana'antun Sharaɗa da Bompai ba ruwansu da shekarunka, abin da hannunka ya iya suke tambaya. Wane fannin injiniya ka karanta, kuma tun da ka gama me ka taɓa haɗawa ko gyarawa, ko da a gidanku ne? Turo min ta gefe, da CV ɗin yadda yake, kada ka gyara komai tukuna.